Injin kumfa na tan 100 a rana: mu biya kafin alƙalami ko mu dakata?

Alhaji Na-Yauri:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin wannan harka ina neman shawara kafin mu zuba kuɗi. Mu ƙungiya ce ta masu haƙar gwal a yankin Yauri, muna da takardarmu ta ƙaramin haƙo. Shekarun baya dutsen da muke fitarwa ja ne mai laushi, a niƙa a wanke a kafet a sa zaiba a samu abin da Allah Ya bayar. To yanzu ramuka sun yi zurfi mun wuce jan, dutsen ya koma toka-toka mai taurin tsiya ga wani ƙyalli a jikinsa ruwan tagulla, kuma tun da muka shiga shi zaiba ta daina kamawa, sai ka niƙa buhu guda ka wanke ka ga ba komai alhali mun kai samfur an auna an ce akwai giram 6 da wani abu a tan. Wani kamfani daga Chaina ya turo mana lissafi, wai injin fulotashan, wanda yake fitar da gwal ta kumfa, tan 100 a rana, komai da komai tun daga kurasha mai fasa dutse har bolmil mai niƙa shi har tankunan kumfar. Abokan tafiyata sun matsa a biya kafin alƙalami, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Mai Loto:
Wslm Alhaji. Ni dai a ganina ku saya kawai, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, gwal yana tsada, dala kuma ba ta jiran kowa. Giram 6 fa aka ce maka!

Injiniya Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, Alhaji Allah Ya ƙara girma. Kafin in ce komai ina da tambayoyi. Samfur nawa kuka kai? Daga rami nawa? Wa ya zaɓi dutsen, shin an ɗebo ne yadda ya zo ko yara sun tsinto masu ƙyallin? Kuma awon na wuta aka yi, wanda ake narkar da garin da dalma a kasko, ko wannan na'urar hannu mai kama da bindiga aka ɗora masa? Sannan shi kamfanin sun nemi ku aika musu dutse su gwada kafin su turo lissafin?

Alhaji Na-Yauri:
Injiniya samfur ɗaya ne gsky, daga ramin da ya fi kyau, kuma yaran sun zaɓa ɗin. Awon wuta ne aka ce. Kamfanin hoto da bidiyo muka tura musu ta WhatsApp.

Injiniya Bazazzagi:
Toh ranka ya daɗe ka riƙe kuɗinka tukuna, wannan cinikin biri a sama ne. Wanda ya zana maka masana'anta daga hoto ƙarfe yake son sayar maka, ba gwal yake son fitar maka ba.

Bari in yi bayanin yadda abin yake aiki don a gane dalilina. Wannan ƙyallin da kake gani galibi fairait ne, ƙarfe da farar wuta a haɗe, wani lokaci da asinofairait mai gubar asinik, ko dutsen tagulla, ko dutsen kwalli. A saman ƙasa ruwa da iska sun daɗe suna cin su shi ya sa dutsen ya yi ja ya saki gwal ɗinsa, a ƙasa kuwa ba abin da ya taɓa su, gwal ɗin yana maƙale a jikinsu ko a cikinsu ƙanana ƙwarai, zaiba ba ta isa gare shi. Abin da injin kumfa yake yi, a niƙa dutsen da ruwa ya yi laushi har kashi 80 cikin 100 ya wuce rariya mai ido maikuron 75, a dama shi kashi ɗaya dutse kashi biyu ruwa, a zuba magani mai suna zantet, PAX ko SIBX, giram 50 zuwa 150 a tan, shi wannan maganin yana manne wa masu ƙyallin ya sa su ƙi ruwa. A ƙara maganin kumfa, MIBC ko man fain, kaɗan, sai a hura iska ana kaɗawa. Masu ƙin ruwan su kama ƙwayoyin iska su taso sama a kwashe su, farin dutsen da ba komai a cikinsa ya zauna a ƙasa ya fita ta gefe. Kamar dai yadda ake kaɗa nono mai ya taso a yaɗe. Ku da kuke wanki ma kun san wani abu daga wannan, in maiƙo ya shiga kasko ƙananan gwal sai su yi iyo su bi ruwa, shi ya sa wasu suke ɗiga Omo.

Amma ga inda mutane suke faɗawa rami. Abin da ka kwashe a saman nan ba gwal ba ne, baƙin gari ne mai nauyi, konsantiret. Mu ce matsakaicin dutsenku giram 4 ne ba 6 ba, don wanda aka zaɓa kullum yana yi wa mai shi ƙarya. Tan 100 akwai giram 400. Kumfa ta kama kashi 90, giram 360 ke nan, a cikin gari kamar tan 5, wato kowane tan giram 72. Yanzu Alhaji wa zai saye wannan garin a Yauri? Maƙeri ba zai saya ba, 'yan gwal na kasuwa ba za su saya ba, kuma gwal ɗin yana nan a kulle yadda yake tun farko, tara shi wuri ɗaya kawai ka yi.

Alhaji Na-Yauri:
Ikon Allah. Wlh mu duk ɗaukarmu gwal zai fito a ƙarshen layin mu narkar. A lissafin nasu ma ba wani abu bayan tankunan sai injin matse ruwa.

Dillali Bakano:
Hhhh Bazazzagi kenan, ba a taɓa kawo muku ciniki kun ce a saya ba. Injiniya ai ana sayen garin nan, 'yan Chaina suna loda shi a kwantena su kai matatunsu, ni na san ana yi.

Injiniya Bazazzagi:
Bakano ko sallama aka yi masa sai ya tambayi la'ada. Eh ana saye ban musa ba. Amma ba sa biyan duk gwal ɗin da ke ciki, kaso suke biya, su cire kuɗin narkarwa, su cire tara in asinik ya yi yawa, wani ma in ya wuce ƙima ba za su karɓa ba sam, ga mota daga Kebbi zuwa Legas ga jirgin ruwa ga takardar fitar da ma'adini ga kuɗin gwamnati, ga babbar rigimar ita ce awo, kai ka ce giram 72 shi ya ce 55, in ba ku rubuta tun farko cewa ɗakin awo na uku zai raba gardama ba to maganarsa ce za ta ci don kayan suna hannunsa. A samu mai saye a rubuce tukuna, da sharuɗɗansa, kafin a sayi ko ƙusa.

Ɗan Tarkwa:
Gaisuwa daga Ghana. Ni a ɗakin awo nake aiki a nan, abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma zan ƙara wani abu, mai yiwuwa ma ba kwa buƙatar kumfar gaba ɗaya. Zaiba ta ƙi kamawa ba ya nufin sayanaid, gubar da ke narkar da gwal, zai ƙi. Akwai gwaji mai sauƙi da muke yi kullum, a niƙa dutsen a zuba a kwalba da ruwan sayanaid da laim a ɗora a kan abin juyawa awa 24 zuwa 48, a auna nawa ya narke. In ya narke kashi 90 ko sama, dutsenku mai sauƙin kai ne, hanyarku ita ce injin nauyi, mai ware gwal ta nauyinsa, da tankunan sayanaid da gawayi, abin da mahaƙar Segilola take yi ke nan a jihar Osun tun da ta fara fitar da gwal a 2021, haka Samira a Nijar da aka buɗe a 2004, kuma a ƙarshe sandar gwal kake riƙewa a hannunka. In kuwa ya tsaya ƙasa da kashi 80 to mai taurin kai ne, nan ne ake maganar kumfa dole.

Mu a nan Ghana mahaƙar Obuasi ce misali. Gwal ɗin can yana cikin asinofairait ne, ana kumfa a tara garin, da can gasa shi ake yi, hayaƙin asinik da farar wuta ya lalata itatuwan kewayen wurin. A 1994 suka kafa BIOX a Sansu, manyan tankuna ne da ake kiwon ƙwayoyin cuta a ciki su cinye fairait ɗin su saki gwal sannan a kai shi sayanaid, fasahar da aka fara a Fairview ta Afirka ta Kudu a 1986. Ƙwayoyin nan zafin digiri 40 zuwa 45 suke so, sai ana sanyaya su ana hura musu iska dare da rana, wuta ta ɗauke na wasu awanni su fara mutuwa. Ba aikin ƙungiyar ƙauye ba ne wannan, AngloGold Ashanti da kanta sai da ta tsayar da Obuasi a 2016 ta sake tsara ta kafin gwal ya sake fita a ƙarshen 2019.

Mai Loto:
To ku kuna ta kawo Obuasi da Segilola, su waɗannan masu biliyoyi ne. Talaka ya zauna ke nan yana kallon arzikinsa a ƙasa?

Ɗan Tarkwa:
A'a ɗan'uwa ba haka nake nufi ba. Akwai tsaka-tsaki kuma shi ya fi yawa. Wani dutsen gwal ɗin a tsagar fairait yake ba a can cikinsa ba, in ka yi kumfa ka tara tan 5 ɗin nan ka sake niƙa shi ya yi laushi sosai sai sayanaid ya ci. Ka ga maimakon tankunan da za su ɗauki tan 100 sai ka gina na tan 5, sayanaid kaɗan, guba kaɗan, wurin tsarewa ƙarami. A nan kumfa tana da riba ƙwarai. Amma wanne ne dutsen Alhaji a cikin ukun nan, ido ba ya faɗa, ni da nake wannan aikin ma in ka miƙo min dutse ba zan iya ce maka ba sai kwalba ta juya.

Hajiya Maman Ummi:
Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce daga Zamfara, kuma tun da Injiniya ya ambaci dutsen kwalli gabana ya faɗi. Alhaji don girman Allah a awon da za ku yi ku sa a duba dalma, kada ku tsaya kan gwal kaɗai. Abin da ya same mu a 2010 a Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, Yargalma, Bagega da sauransu, irin wannan ne, an shiga dutse mai dalma ana kawo shi gida mata suna dakawa a turmi ana niƙa shi a injin hatsi a bushe, ƙura ta cika tsakar gida yara suna rarrafe a ciki suna kai hannu baki, yara wajen 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ƙwaƙwalwa ta taɓu har yau. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin likitocin MSF su iya ba da maganin fitar da gubar, don in ka ba yaro magani ya koma gidan da ke da ƙurar aikin banza ne. A 2015 ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28. Neja ɗin nan fa maƙwabciyarku ce.

Alhaji Na-Yauri:
Allah Ya jiƙansu Hajiya. Akwai wani rami namu da dutsen yake da baƙin ƙyalli mai ɓarewa gida-gida, yaran suna cewa kwalli ne.

Injiniya Bazazzagi:
Shi ne Alhaji, galina, kusan duk nauyinsa dalma ce. Hajiya ta taɓo babban abu. Ta wani gefen masana'anta tana taimakawa don bolmil da ruwa yake niƙa ba ƙura, kuma aikin ya bar cikin gari. Amma zantet yana kama dutsen kwalli fiye ma da yadda yake kama fairait, saboda haka garin nan na tan 5 duk dalmar tan 100 ce ta taru a ciki. In aka shanya shi a fili iskar hunturu ta ɗiba ya fi ɗanyen dutsen haɗari nesa ba kusa ba. A bar shi da danshi a buhunan da ke rufe a ɗaki mai siminti, kurasha a sa mata feshin ruwa, ma'aikaci ya yi wanka ya canza kaya a wurin kada ya je gida da rigar aiki ya ɗauki yaro.

Hajiya Maman Ummi:
Yauwa. Kuma masu kawo tallan abinci kada su shigo da goyo. Wannan kam sai an sa maigadi mai taurin kai, don ba sa ji.

Bagobiri Agadas:
Sannunku da hira. Mu nan ƙasar Ayar da Jado tun 2014 da gwal ya fashe abin da ya fi ba mu wuya ruwa ne, a tanka ake kawo shi a saya, shi ya sa da na ji an ce kashi biyu ruwa kashi ɗaya dutse sai na ɗauki biro. Tan 100 ruwa lita 200,000 ke nan kullum, tankar mai ta lita 33,000 guda shida. Alhaji ku kuna da kogi kusa ko?

Alhaji Na-Yauri:
Akwai rafi amma yana ƙafewa daga watan uku. Kogin Kwara kuma da ɗan nisa daga ramukan.

Injiniya Bazazzagi:
Lissafin Bagobiri daidai ne. In an gina tankin kwantar da laka da tafki mai kyau ana iya dawo da kamar kashi 70, sai ya zama sabon ruwa lita 60,000 a rana, amma a watan huɗu da rana take shanye tafki zai fi haka. Rijiyar burtsatse sai an gwada an ga abin da take bayarwa a rani ba a damina ba. Kuma a kula, in kuna da ɓangaren sayanaid ruwansa kada ya haɗu da na kumfa ko kaɗan, sayanaid yana kwantar da fairait ya hana shi tasowa, sai ka ga kumfa fara fes ba komai a kanta ka yi ta ƙara magani a banza. Laim ma haka, in ya yi yawa awon pH ya haura 10 fairait ya kwanta, alhali can ɓangaren sayanaid dole ya wuce 10.5 in ba haka ba iskar da ke kisa ta tashi. Ruwa biyu ne, tafki biyu, famfo biyu.

Tunda an buɗe lissafi bari in ƙarasa. Wuta: irin wannan masana'anta tana cin kilowat-awa 30 zuwa 40 a kowane tan, bolmil ne yake cinye kusan rabi, in da janareto ne ka lissafa dizal wajen lita 1,000 kullum, kuma janareton kVA 300 zuwa sama don tayar da bolmil da kaya a cikinsa ba wasa ba ne. Ƙwallayen ƙarfen da ke niƙan suna cinyewa, wajen kilo 1 a tan. Sai babbar tambaya wadda ta fi duk waɗannan, tan 100 buhu 2,000 ne mai kilo 50, kullum, damina da rani. Ramukanku da guga da igiya za su iya? A shekara, in an yi aiki kwana 300, tan 30,000, in kana son injin ya yi shekara 5 sai ka tabbatar akwai tan 150,000 a ƙasa, kuma ba a sanin wannan sai an huda ƙasa da injin ɗebo cibiyar dutse an bi jijiyar an ga tsawonta da kaurinta da zurfinta.

Dillali Bakano:
Wuta kuma? Ba ga Kainji nan a bayan gidansu ba?

Alhaji Na-Yauri:
Hhh Bakano ka zo ka ga wutar da muke samu tukuna. Kuma mu a daji muke, sai mun ja layi mun sayi taransifoma.

Injiniya Bazazzagi:
Ko ka ja layin sai ka ajiye janareto, don in wuta ta ɗauke tankuna cike laka tana zama ta daskare ta kama fanka, sai an sa shebur an kwashe. Injin kumfa ba na kunna-kashe ba ne, yana son ya yi ta tafiya iri ɗaya da dutse iri ɗaya.

Mai Loto:
Maganar dutse ba matsala ba ce, ai sai su riƙa sayen na wasu, ga tsohuwar ƙasar wanki tsibi-tsibi a ko'ina an zubar.

Bahaushen Sudan:
Salam ya jama'a. Wannan da Mai Loto ya faɗa shi ne sana'ar kamfanoni da yawa a nan Sudan, ragowar wankin nan karta muke ce mata, ana saye daga kasuwannin niƙa irin na wajen Abu Hamad a kai masana'anta. Amma da sayanaid suke yi ba kumfa ba, kuma mutanen garuruwa sun sha yin zanga-zanga a kai saboda dabbobi da tsuntsaye da ke mutuwa a bakin tafkunan. Karta tana da zaiba a ciki, in sayanaid ya haɗu da ita yana narkar da ita ta bi ruwa, wannan ya fi kowanne muni.

Ɗan Tarkwa:
Gaskiya ne. Kuma ta ɓangaren kumfa tsohuwar ƙasa ba ta da daɗin aiki, ta sha rana da ruwa fuskar fairait ta yi tsatsa zantet ba ya kamawa sosai, ga yumɓu yana ɓata kumfar yana shanye magani. Jan dutsen sama ma haka, ba na kumfa ba ne. Sannan dutsen wannan rami da na wancan ba ɗaya ba, yau mai tagulla gobe mai kwalli jibi mai baƙin gawayi-gawayi wanda yake sace gwal daga ruwan sayanaid, mai kula da injin zai haukace. In za a sayi na wasu sai an sami fili ana gauraya shi da ɗan ɗakin awo a wurin.

Wani abu da ban ji an ce yana cikin lissafin kamfanin ba, injin nauyi. Gwal mai girma wanda ido yake gani ba ya tasowa a kumfa don ya yi wa ƙwayar iska nauyi, sai ya bi shara ko ya maƙale a cikin bolmil da famfo. Ana sa Knelson ko makamancinsa a bayan bolmil, sai tebur mai girgiza, a cire wannan tun da wuri, shi ne kuɗin da za ka narkar ka sayar a makon ka biya dizal da ma'aikata kana jiran kuɗin kwantena.

Barista:
Ina bin ku shiru. Alhaji ta fuskar doka takardar ƙaramin haƙo da ofishin Kadasta na Abuja ya ba ku ta filin ce, ba ta wuce murabba'in kilomita 3 ba a dokar ma'adinai ta 2007, kafa masana'anta mai magunguna da tafkin shara wani babi ne daban. Akwai binciken tasirin muhalli ta ma'aikatar muhalli ta tarayya, akwai izinin amfani da ruwa, akwai yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin wadda dokar ta wajabta, in za ku sayi dutsen wasu akwai lasisin saye da mallaka, shigo da sayanaid shi ma da nasa izinin. Ku je ofishin ma'adinai na tarayya da ke jiharku a lissafa muku kafin kaya su taso, don kwantena tana zaune a tasha kuɗi take ci. Ku kuma tuna Zamfara, a watan Afrilun 2019 aka hana haƙo gaba ɗaya saboda tsaro, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Wanda ya ci bashi ya kafa inji a can kafin nan ka lissafa da kanka.

Hajiya Maman Ummi:
Barista tafkin sharar nan fa? Tan 95 kullum ina za ta?

Injiniya Bazazzagi:
Tambayar da ba ta cikin lissafin masu sayar da inji ke nan Hajiya, don ba ƙarfe ba ce. A shekara sama da tan 28,000 na laka. Ba a gina shi a kan hanyar ruwa ko a fadama, a daɓe ƙasan da yumɓu ko a shimfiɗa baƙar roba mai kauri, a yi magudana ta kewaye don ruwan tudu kada ya shiga, a bar sarari a saman ganuwar da zai ɗauki ruwan watan takwas. Fairait ɗin da ya rage a ciki in ya sha iska da ruwa yana zama asid yana jiƙa dalma da asinik su bi ƙasa shekara da shekaru bayan an tashi. A watan Fabrairun 2025 a Zambiya ganuwar irin wannan tafki ta wata masana'antar tagulla ta fashe ruwan asid ya shiga kogin Kafue, kifi ya mutu, aka rufe famfon birnin Kitwe. Yankin Yauri duk rafi Kwara yake nufa, masunta da masu shinkafa ne a ƙasa, in abu ya faru ba gwamnati ce za ta fara zuwa ba, su ne.

Shi zantet ɗin ma a kula da ajiyarsa, zafi da danshi suna ruɓar da shi ya fitar da iska mai wari mai kama wuta, kada a jibge shi a kwantenar ƙarfe a rana, kuma kada a sayi na shekara guda lokaci ɗaya.

Mai Loto:
Kai jama'a kun tsorata bawan Allah. Ni dai na san waɗanda suka yi kuɗi a harkar nan ba su tsaya duk wannan ba.

Bagobiri Agadas:
Waɗanda suka yi kuɗin ake gani Mai Loto. Zo nan in zaga da kai ka ga injinan da yashi ya binne.

Alhaji Na-Yauri:
Ni ban tsorata ba, na dai farka. Na tura wa abokan tafiyata duk abin da aka rubuta, biyu sun yarda a dakata, ɗaya yana nan kan bakansa yana cewa farashin da aka ba mu zai tashi ƙarshen wata. Injiniya yanzu in za mu yi gwajin nan yaya za mu ɗebi dutsen kuma ina za mu kai?

Injiniya Bazazzagi:
Kowane rami daban, kada a haɗa. A shiga a sassaƙo layi guda daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan har da ɗan dutsen bango da yake biyo ta in ana haƙa, don shi ma injin zai ci, kilo 3 zuwa 5 kowane wuri, a rubuta lambar rami da zurfi a takarda a sa cikin leda a ciki, kuma kai ko wani amintacce ya tsaya a kai kada yara su yi maka gwaninta. Waɗannan na awon wuta ne da awon dalma, asinik, tagulla, farar wuta da gawayi. In sakamako ya fito sai a haɗa babban samfur kilo 50 zuwa 100 daga sabon dutsen da bai sha rana ba, kada ku niƙa, a ɗaure a leda mai kauri. Shi za a yi wa gwajin tauri don a san girman bolmil, gwajin nauyi, gwajin kwalba, sannan kumfa a niƙa daban-daban da magani daban-daban, a kuma gwada sayanaid a kan garin da kumfar ta fitar. A gida akwai cibiyar NMDC a Jos da ɗakin binciken hukumar NGSA a Kaduna, ku tambaya wanne daga ciki suke iya yi yanzu. Ni dai kowane samfur a raba biyu a kai wuri biyu.

Ɗan Tarkwa:
In za ku turo rabin nan Tarkwa akwai ɗakunan awo na SGS da Intertek, ga jami'ar ma'adinai ma a garin. Amma kada a ba direban mota ya saƙa a ƙarƙashin kujera, a boda za a kama, kuma ɗakin awo na kirki zai nemi takarda.

Barista:
Akwai izinin fitar da samfur don gwaji, daban yake da na kasuwanci, sashen sufetocin ma'adinai ne suke bayarwa. Alhaji turo min hoton takardar filinku ta inbox in ga ranar da za ta ƙare, don in ta kusa sai a fara da sabuntawa.

Alhaji Na-Yauri:
To Barista, tana wurin sakatarenmu, in ya dawo daga daji da yamma zan turo in sha Allah. Ɗan Tarkwa kai kuma ka taimaka ka tambayo mana kuɗin awon wuta na samfur ɗaya da na gwajin kwalbar, a sidi ko a dala duk wanda suka ce.